Yadda Ake Shirya Ziyarar Ƙasar Sin, Daga Zaɓen Wata Zuwa Ranar Komawa

A rana ɗaya ta watan Janairu, wani na tsaye a birnin Harbin numfashinsa na daskarewa a gashin bakinsa, sanyi ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. A daidai wannan lokaci wani na zaune bakin teku a birnin Sanya na tsibirin Hainan da riga mara nauyi, yana neman inuwa. Dukansu a ƙasar Sin suke, kuɗi iri ɗaya suke kashewa, agogonsu ma ɗaya ne. Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita miliyan 9.6, daga arewa zuwa kudu kuma tafiyar kilomita kusan 5,500 ce. Shi ya sa idan mutum ya tambaye ni yaya yanayin Sin yake, sai na ce masa: wane gari, kuma wane wata? Sai an amsa waɗannan tambayoyi biyu sannan maganar tikiti, kaya da masauki ke zama daidai.

Mataki na farko: haɗa wata da yanki

Ɗauko taswira ka nemo duwatsun Qinling da kogin Huai. Layin da ya ratsa ta kansu shi ke raba ƙasar gida biyu, arewa mai bushewa da tsananin sanyi, kudu mai laima da yawan ruwa.

Arewa ita ce Beijin, Xi'an da Harbin. Sanyinta busasshe ne, mai tsaga leɓe da fasa hanci. A Beijin dare yakan sauka zuwa digiri 8 ko 10 ƙasa da sifili a Janairu, a kan Babbar Ganuwa kuwa iska ce ke ƙara wa abin zafi, don ba abin da ke tare ta. Daɗin arewa shi ne ana ɗumama gine-gine da bututun ruwan zafi. A Beijin ana kunna shi daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Maris, saboda haka da ka shiga ɗaki za ka fara cire kaya. Daga Maris zuwa Mayu gari na sakewa, furanni na fitowa, amma a lokacin ne iska ke kwaso ƙura daga hamadar Gobi, wani yinin sama ta koma ruwan ƙasa. Yuli da Agusta zafi ne da gumi, kuma mafi yawan ruwan shekara a cikin watannin nan biyu yake zuba. In an bar ni in zaɓa wa mai zuwa Beijin karon farko, tsakiyar Satumba zan ce, ko daga 10 ga Oktoba zuwa ƙarshensa. Sama garau, ba zafi ba sanyi, ganyen itatuwan da ke gefen ganuwa sun koma ja da rawaya.

Tsakiyar ƙasar, wato bakin kogin Yangtze, nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Mutum zai duba ya ga Shanghai digiri 4 ko 5 ce a Janairu, ya ce ai da sauƙi idan aka kwatanta da Beijin. To garuruwan da ke kudu da layin nan ba su da wancan tsarin ɗumama gidaje. Na taɓa kwana a wani ƙaramin otal a Shanghai cikin Janairu. Na'urar bangon ɗakin tana hura iska mai ɗumi can kusa da rufi, ƙasan ɗakin kuwa kamar an zuba ƙanƙara, bargon ma da na ja na ji shi da danshi. Safar da na wanke da daddare, da safe na same ta yadda na shanya ta. Sanyi mai laima yana shiga ƙashi fiye da abin da ma'auni ya nuna, don haka wanda zai je yankin a wannan lokaci ya tambayi masauki tun kafin ya biya ko ɗakin na ɗumama da gaske.

Daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli yankin na shiga wata damina da Sinawa ke kira meiyu, yayyafi da ruwa ba ƙaƙƙautawa, kaya na yin fumfuna a cikin akwati. Tana wucewa sai zafi ya sauko. Chongqing, Wuhan da Nanjing har laƙabin tanderu ake yi musu, domin zafin na wuce digiri 35 kuma dare ba ya kawo sauƙi. Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, da Oktoba zuwa Nuwamba, su ne lokutan da za ka ji daɗin yawo a Shanghai, Hangzhou da Suzhou.

Kudu, wato Guangzhou, Shenzhen, Guilin da tsibirin Hainan, ba kasafai take ganin dusar ƙanƙara ba. Matsalarta laima. Tsakanin Fabrairu da Afrilu akwai kwanakin da bango da daɓe ke yin gumi, madubi ya dushe, mutanen gari su rufe tagogi ruf don kada danshin waje ya shigo. Ruwa na sauka daga Afrilu zuwa Satumba, mahaukaciyar guguwar teku kuma ta fi yawa daga Yuli zuwa Satumba. Idan ta tunkaro akan soke tashin jirage, a tsayar da jiragen ƙasa, a rufe makarantu. Duk wanda zai bi ta kudu a watannin nan ya bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani kafin jirgin komawarsa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba kudu ta fi kyau.

Yamma wata duniya ce. Turpan a Xinjiang tana cikin kwari, wani sashe nata ƙasa da matakin teku da mita 154, zafinta na wuce digiri 40 a Yuli. Kunming a Yunnan tana kan tudu mai tsayin mita kusan 1,900, yanayinta sassauƙa ne kusan duk shekara, ita ce mafakar wanda hutunsa ya faɗo a watan da sauran wurare ba su da daɗi. Lhasa a Tibet tana mita kusan 3,650, rana mai ƙona fata, dare mai sanyi ko da a Yuni. Wani abu da ke rikita baƙo a yamma shi ne agogo. Ƙasar duka tana bin lokacin Beijin, saboda haka a Kashgar cikin hunturu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 10 na safe. Jirage da ofisoshi lokacin Beijin suke bi, mutanen gari da yawa kuwa suna ƙirga nasu da ragin awa biyu. In an yi maka alƙawarin ƙarfe 8, tambayi na wane agogo.

Shawarata ga mai kwana 10 zuwa 14: kada ka yi kwaɗayin haɗa arewa, kudu da yamma a tafiya ɗaya. Garuruwa uku sun isa. Beijin, Xi'an da Shanghai a Oktoba tafiya ce da akwati ɗaya zai ɗauke ta. Wanda ya haɗa Harbin da Sanya zai yi jigilar kayan mutum biyu.

Mataki na biyu: cire ranakun cunkoso daga lissafi

Kafin ka tsayar da rana, duba kalandar hutun Sinawa. Mafi girma shi ne bikin sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ranar na sauyawa kowace shekara. Zirga-zirgar komawa gida da dawowa kan ɗauki kwana 40, tikitin jirgin ƙasa na ƙarewa cikin mintuna, ƙananan shaguna da gidajen abinci da yawa kuma na rufewa mako ɗaya ko fiye. Sai hutun ranar ƙasa, 1 zuwa 7 ga Oktoba. Wannan ne tarko, domin ya faɗo a watan da yanayi ya fi kyau. A wannan mako Babbar Ganuwa a Badaling ba masaka tsinke, kuɗin otal kuma na haurawa. Jira zuwa bayan 8 ga wata ka ga wurin ya sarara. Haka kwanakin farko na Mayu, hutun ma'aikata. Yuli da Agusta hutun makarantu ne, gidajen tarihi cike da iyaye da yara.

Mai zuwa Guangzhou yawon buɗe ido ya kula da baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu a shekara: tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. In ba shi ya kai ka ba, kauce masa, don ɗakunan kwana na tsada sosai.

Mataki na uku: takardu

Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida da shafuka marasa rubutu. Bizar yawon buɗe ido harafin L take ɗauke da shi, ta kasuwanci M, kuma kowacce da abin da ta halatta. Ana neman shaidar tikitin zuwa da dawowa da ta masauki, ko takardar gayyata. Sharuɗɗan na bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma suna sauyawa, don haka a ofishin jakadancin Sin ko cibiyar bizarsa za ka karɓi jerin, kuma ka fara wata ɗaya ko biyu kafin tafiya.

Idan biza ta fito, zauna ka karanta ta a tsanake. Akwai ranar da dole ka shiga kafin ta, akwai adadin kwanakin zama, akwai adadin shiga. Hong Kong da Macau suna da nasu tsarin shige da fice. Mai bizar shiga ɗaya da ya leƙa Hong Kong daga Shenzhen ya riga ya fita, ba zai koma da wannan bizar ba. Wuce wa'adi kuma tararsa kuɗin Sin yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ana kuma iya tsare mutum. Ƙirga kwanakinka da yatsa, ka rubuta ranar ƙarshe a inda za ka riƙa gani.

Mai fitowa daga ƙasar da ake samun cutar shawara sai da katin rigakafinta, kuma katin ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Tibet na buƙatar izini na daban wanda kamfanin yawon buɗe ido mai rajista ke nemowa, baƙo ba ya shiga shi kaɗai, kuma sau da yawa akan rufe yankin ga baƙi a wajen watan Maris. Ka yi inshorar lafiya, don asibiti a can sai an biya ake duba mutum. Ka ɗauki hoton fasfo da biza a waya, ka kuma buga kwafi biyu a takarda.

Mataki na huɗu: shirya waya tun kana gida

Wannan matakin ne na fi son a ba lokaci. A Sin waya ita ce aljihu, ita ce taswira, ita ce tafinta, kuma abin da ba ka saka mata kafin ka tashi ba zai yi wuyar samu bayan ka sauka. Google da duk 'ya'yansa, WhatsApp, Facebook, Instagram da YouTube ba sa buɗewa a intanet na cikin ƙasar. Mai wayar Android da ya dogara da rumbun manhajojin Google zai ga ko sauke sabuwar manhaja ya gagara.

Ga yadda za ka bi. Da farko sauke Alipay da WeChat, manhajojin da ake biyan kuɗi da su a can (WeChat har da saƙo da kira), ka yi rajista da lambar wayarka, ka ɗora bayanan fasfo, ka haɗa katin Visa ko Mastercard. Yi wannan mako biyu kafin tafiya, saboda tantancewa na iya ɗaukar lokaci, kuma saƙon lambar sirri a layinka na gida zai shigo. Je bankinka ka tabbatar katin na aiki a ƙasar waje, ka ji iyakar abin da zai iya kashewa a wata. In da hali ka haɗa kati biyu na bankuna daban. Cinikin da bai wuce yuan 200 ba babu ƙarin caji a kansa, wanda ya wuce ana ɗora kashi 3 cikin ɗari.

Biyan kansa iri biyu ne. A babban kanti kai za ka buɗe lambarka ta QR a waya, wato wani ɗan zane mai kusurwa huɗu da ake haskawa, mai kanti ya haska ta da na'urarsa. A wurin mai tura baro ko ƙaramin gidan taliya kuwa, lambar tana manne a bango ko rataye a wuyan mai sayarwa. Kai za ka haska, ka rubuta adadin kuɗin, ka danna, sai ka ji wata 'yar lasifika ta faɗi kuɗin da ya shiga da ƙarfi, mai abincin ya gyaɗa kai ko ɗagowa bai yi ba. Takardar kuɗi halas ce a doka, sai dai canji ne ke wuya, don haka riƙe 'yan ƙananan takardu na yuan 10 da 20 saboda ranar da waya za ta ƙi. Sunan kuɗin yuan ko renminbi, a baki kuwa kuai za ka ji ana cewa.

Sai maganar layi. Hanya mafi sauƙi ta ci gaba da gaisawa da iyali ita ce ka buɗe wa layinka na gida damar aiki a ƙasar waje, ko ka sayi layin tafiya na eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da katin SIM ba, tun kafin ka tashi, domin datar da ke bi ta waje na buɗe manhajojin da ka saba. Layin cikin ƙasa na China Mobile, China Unicom ko China Telecom ya fi arha kuma yana ba ka lambar Sin, wadda ke da amfani wajen rajistar wasu tikitoci. Da fasfo ake yankarsa. Waya mai layi biyu ta raba gardama. Ko ma wanne ka zaɓa, sa mutum ɗaya a gida ya buɗe WeChat ku gwada kira kafin ka tafi.

Sauke taswirar Amap, don taswirar Google ba ta daidai a can ko da ta buɗe. Ta Apple na aiki. Sauke DiDi na kiran mota, da manhajar fassara mai aiki ba tare da intanet ba, ka saukar da harshen Sinanci a cikinta. Daga ƙarshe ka adana sunan otal ɗinka da adireshinsa cikin rubutun Sinanci, domin direban tasi ba lallai ya gane shi da haruffan boko ba.

Mataki na biyar: haɗa kaya

Mai zuwa arewa cikin hunturu ya sa kaya hawa-hawa: rigar ciki da wandon ciki masu kama jiki, suwaita, sannan babbar jaket mai tare iska. Hular da ke rufe kunne, safar hannu, safa mai kauri, takalmi mai tudun ƙasa wanda ba ya santsi a kan ƙanƙara. Ba sai ka sha wahalar neman babbar jaket kafin ka tashi ba, a can suna nan birjik, abin da zai kai ka daga filin jirgi zuwa kanti kawai kake buƙata. Man shafawa da na leɓe dole ne. A Harbin sanyi na shanye batirin waya cikin ɗan lokaci, ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki. Mai zuwa kudu lokacin ruwa ya riƙe lema, kaya marasa nauyi masu saurin bushewa, maganin sauro, da riga mai dogon hannu ɗaya saboda sanyin kwandishan na jiragen ƙasa. Takunkumi mai kyau na amfani a arewa lokacin ƙura da kwanakin hayaƙi na hunturu, musamman ga mai asma.

Wutar lantarki 220 ce. Filogi mai baki uku masu kusurwa irin na Ingila ba ya shiga yawancin soket, ka tafi da adafta. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka kuwa, tun 28 ga Yuni 2025 ba a barin shiga jiragen sama na cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta hukumar Sin, a jikinsa, ana karɓewa a wurin bincike. Gara ka sayi sabo a can.

Maganin da kake sha kullum ka zo da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Nama, ɗanye ko busasshe, da 'ya'yan itatuwa ba a shiga da su. Tsabar kuɗin waje da suka wuce dala 5,000 sai an bayyana wa kwastan. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa: kada ka karɓi saƙon kowa da ba ka buɗe ka gani da idonka ba. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Sin na kaiwa ga kisa, kuma "ba nawa ba ne" ba ta fitar da mutum.

Mataki na shida: awa 24 na farko

A filin jirgi za a ɗauki hoton yatsunka, a iya tambayarka inda za ka sauka da ranar komawa. Bi layin tasi na hukuma ko ka kira DiDi, ka rabu da masu tarar baƙi a bakin ƙofa. Doka ta ce a yi wa baƙo rajistar wurin kwana cikin awa 24. Otal na yin wannan da kansa idan ka miƙa fasfo. In a gidan aboki ko ɗan'uwa ka sauka, ku je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare, kuma duk garin da ka koma sai an sake. Wasu ƙananan masaukai na jan ƙafa wajen karɓar baƙon waje, saboda haka kama ɗaki ta manhaja irin Trip.com ka karanta abin da baƙi suka rubuta. Fasfo na asali ya zauna a jikinka kullum, da shi za ka shiga jirgi, gidan tarihi da wuraren bincike.

Mataki na bakwai: zirga-zirga

Tsakanin garuruwa jirgin ƙasa mai sauri ya fi. Layukansa sun haura kilomita 40,000. Beijin zuwa Shanghai kilomita 1,318 ce, jirgi mafi sauri na cinye ta cikin kusan awa huɗu da rabi. Lokacin damina ma ya fi jirgin sama cika alƙawari, don hadari na yawan jinkirta tashi. Jiragen da lambarsu ta fara da harafin G su ne mafi gudu, D na biye, Z, T da K su ne na da, masu gadon kwana. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya a manhajar hukumar jiragen ƙasa mai suna 12306, ko ta Trip.com da ɗan ƙarin kuɗi. Rubuta suna da lambar fasfo daidai yadda suke, harafi ɗaya na iya hana ka shiga.

Babban gari na da tashoshi da yawa masu nisa da juna. Jirgin Shanghai yawanci daga tashar Kudu ta Beijin yake tashi, na Xi'an daga ta Yamma. Duba sunan tasha sau biyu. Isa da saura awa ɗaya. Za a haska kayanka a ƙofa, wuƙa ba ta wucewa. A ciki ɗaga kai ka nemi lambar jirginka a babban allo, za ka ga lambar ƙofar shiga a gefenta. Ba tikitin takarda, fasfo ne tikitin. Sinawa na ɗora katin shaidarsu ƙofa ta buɗe, kai kuwa nufi layin gefe inda ma'aikaci ke tsaye, ka miƙa masa fasfo. Ana rufe ƙofa 'yan mintuna kafin tashi, kuma jirgin ba ya jiran kowa. A dandamali akwai lambobin taragu a rubuce a ƙasa, tsaya a kan taka.

Manyan wuraren tarihi sai da rajista tun kafin ranar. Tsohuwar fadar sarakuna ta Beijin, Gugong, wadda aka kammala a 1420, ba ta buɗewa ran Litinin, tikitinta ta intanet ake saya, ana sakinsa kwana bakwai kafin ranar kuma yana ƙarewa da wuri. Dandalin Tiananmen ma sai da rajista. Don ganin ganuwa, Mutianyu ta fi Badaling sarari. A Xi'an, rundunar sojojin yumɓu da manoma masu haƙa rijiya suka tono a 1974 tana wajen gari, ba ta rabin yini ka fita da sassafe.

Mataki na takwas: ci, sha da ibada

Ruwan famfo ba a sha sai an tafasa. Kowane ɗakin otal na da butar lantarki, tashoshi da jiragen ƙasa na da famfon ruwan zafi kyauta, don haka ƙaramin filas zai yi maka rana. Banɗakunan waje yawanci na tsuguno ne kuma ba a ajiye takarda, riƙe taka da 'yar gorar ruwa.

Naman alade shi ne naman yau da kullum a yawancin ƙasar, kitsensa da giyar girki na shiga abincin da a ido ganye ne zalla. Musulmi ya haddace haruffan nan biyu, 清真, ana furta su kusan "cing-jan", ma'anarsu halal. Ajiye hotonsu a waya. Kusan kowane gari akwai gidajen taliyar Lanzhou na Musulmi, inda za ka ga mai girki na ja da murɗa ƙullin fulawa da hannu har ya zama zare, ya jefa a romon naman sa, ya miƙo maka kwano yana tururi. Yana da arha, yana ƙosarwa, a ranar sanyi ba abin da ya kai shi. Unguwar Niujie a Beijin da unguwar Musulmi ta Xi'an cike suke da irin wannan abinci.

Babban masallacin Xi'an an gina shi da katako da farfajiyoyi irin ginin Sinawa, ya cancanci ziyara ko ba lokacin salla ba. A Guangzhou akwai masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, da wata maƙabarta da Musulmin garin ke dangantawa ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, kodayake littattafan tarihi sun nuna a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Ka yi salla a masallaci ko a ɗakinka. Doka ta hana baƙo yin wa'azi ko rarraba littattafan addini, kowane addini ne. Lokutan salla na sauyawa sosai a arewa, inda yinin Yuni ke da tsawo, na Disamba gajere, don haka saita manhajarka da garin da kake.

Mataki na tara: lafiya da kiyaye kai

Lambobin gaggawa: 'yan sanda 110, motar asibiti 120, 'yan kwana-kwana 119. Tituna na da aminci ko da dare, abin da ya fi kama baƙi shi ne yaudara. A wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke taruwa wasu matasa masu fara'a kan tare ka da Turanci su gayyace ka shan shayi, a ƙarshe a kawo maka lissafin da ya fi kuɗin otal. Yi godiya ka wuce. Wajen tsallaka titi kula da babura masu lantarki, ba su da ƙara. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko shingen bincike.

Gargaɗin ruwan sama a ɗauke shi da gaske. A 20 ga Yuli 2021 ruwan da ya wuce milimita 200 ya zuba a Zhengzhou cikin awa ɗaya, ya cika hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa, aka rasa rayuka. Gargaɗinsu launi huɗu ne, shuɗi, rawaya, ruwan lemo da ja. In ka ga biyun ƙarshe, zauna a masauki. Mai hawa Lhasa ya ba jikinsa kwana biyu ba gudu ba hawan bene da sauri, ya sha ruwa sosai. Ciwon kan da ya ƙi sauka, amai ko numfashi da ƙyar a kwance alama ce ta a nemi likita a sauko ƙasa. Mai ciwon zuciya, hawan jini ko sikila ya ga likitansa kafin ya sa Tibet a lissafi.

Ranar komawa

Kwana na ƙarshe ka yi shi a garin da jirginka zai tashi, musamman tsakanin Yuli da Satumba. Beijin na da manyan filayen jirgi biyu, Capital da Daxing, Shanghai ma biyu, Pudong da Hongqiao, kuma tsakanin kowane biyun tafiya ce mai nisa, don haka duba tikiti ka ga wanne ne naka tun da daddare. Karɓi kuɗin ajiyar da otal ya riƙe, auna akwatinka, ka mayar da batirin caji jakar hannu don ba a barinsa a kayan awo. Ka isa filin jirgi da saura awa uku.